Ɗan kwangila ya ce sabuwar doka ta tilasta mini ƙara kuɗin gyaran gida

Tambaya: Barista, ni tsohon malamin makaranta ne a Tudun Wada, Gombe. Da kuɗin sallamata nake son sauya kwanon rufin gidana, in buɗe tagogin falo, in ƙara ɗaki biyu ta baya. Bayan mun gama ciniki na ba da kafin alƙalami, sai ɗan kwangilar ya ce akwai dokar tsimin wutar lantarki da za ta sa a rushe aikin idan ban ƙara kuɗi ba. Ina mafita?

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a wannan gumi naka. Kada ka ƙara ko sisi tukuna.

Abin da yake nufi yana nan, ba ƙirƙira ya yi ba. A 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, lokacin Babatunde Fashola yana minista, ta ƙaddamar da ƙa'idar gini mai tsimin makamashi da taimakon hukumar GIZ ta Jamus. Ta ce faɗin tagogi kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi musu inuwa, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, fitilu kada su ci fiye da wat 6 a kowane murabba'in mita, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta zama mai inbata, wato irin mai tsimin wuta. Amma sababbin gine-gine aka tsara wa ita, kuma ba ta hawa kan mutum sai hukumar jiharsa ta ɗauke ta ta sa cikin sharuɗɗan ba da izini. Tun 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka maganar Abuja kaɗai ba ta isa a taɓa katangarka ba.

Inda nake jiye maka tsoro shi ne ɗakuna biyun nan. Fenti ko sauya kwanon da ya ruɓe gyara ne. Ƙarin ɗaki kuwa sabon gini ne a idon hukuma, yana buƙatar zane da amincewa. Na sha ganin dattawa sun zuba fanshonsu a bulo da siminti, ranar da aka kai linta sai ga jan fenti a bango, kuma abin yana ci mini rai, domin takarda ɗaya ce da ta hana. Ka ɗauki takardar mallakar filin da zanen da ƙwararre mai rajista ya sa wa hannu, ka je GOSUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ka nemi a rubuta maka sharuɗɗan. Abin da ke cikin wannan takarda shi ne ya hau kanka.

Shi kuma ɗan kwangila, ka ce ya nuna maka sashen dokar a rubuce. Idan ya kasa, cinikinku na farko yana nan daram, ko da baki kuka yi shi, muddin akwai shaidu ko shaidar tura kuɗi ta banki. In ya ƙi aiki, ka rubuta masa wa'adi, ka nemi dattawan unguwa su shiga tsakani, in ta ƙi sai kotu ka nemi kuɗinka.

Duk da haka, da ni ne, zan ɗauki biyu daga cikin ƙa'idar nan don kaina. Wanda ya kwana ƙarƙashin kwano marar sili a Gombe cikin watan Afrilu ya san dalili. Tunda za a yaye rufin, yanzu ne sa abin tare zafi ya fi araha. Tagogin falon kuma, in suna kallon yamma, a yi musu baranda ko rumfa, in ba haka ba fanka za ta yini tana kaɗa iska mai zafi, kuɗin wutar JED, kamfanin rarraba lantarki, na hawa. Ku zauna ku rubuta sabuwar yarjejeniya: irin kayan, kaurinsu, farashin kowanne, da cewa kason ƙarshe na kuɗin sai ka hau ka gani da idonka kafin a rufe silin.