Kwafi 600 sun tafi Yamai, babu ko layi ɗaya a rubuce

Tambaya daga wani mai zane a Tawa:

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai zane ne, ina kuma da ƴar rumfar fotokofi kusa da wata makaranta. Bara na buga littafin zanena na farko, irin wanda ƴan lakkwal ke kira BD, wato labari cikin zane-zane. Labarin wani ɗan kokowa ne, da Hausa, shafi 32. Kwafi 1000 na buga a Yamai a kan jika 450, wato sefa dubu 450. Jika 300 nawa ne, jika 150 daga asusun ƙungiyarmu ta masu zane; mu bakwai ne, muna zuba jika biyar-biyar duk wata. Kwafi ɗaya jika guda muke sayarwa. Na bar wa ɗan kawuna kwafi 600 ya rarraba wa masu sayar da littattafai a Yamai. Wata takwas ke nan, jika 85 kawai ya turo mini, in na yi magana sai ya mai da abin wasan taubasai. Sauran na kawo Tawa, na sayar da wasu, na yi kyauta da wasu, wasu suna ɗaki. Yanzu ina son in ci bashin miliyan guda in buga kashi na biyu mai kala, kwafi 3000, ko na samu shiga bikin BD na Faransa. Ina zan samu bashi mai sauƙi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Ba zan nuna maka inda za ka ci bashi ba. Ko na san wanda zai ba ka miliyan gobe da safe, zan roƙe shi ya riƙe kuɗinsa, don kai nake ji wa tsoro. Sake karanta wasiƙarka da kanka: "na sayar da wasu, na yi kyauta da wasu, wasu suna ɗaki." Wasu nawa? Sau uku ka ce wasu a jimla ɗaya, kuma a nan dukiyarka ta zube. Mutumin da ya zauna wata da watanni yana zana shafi 32, yana gyara ƙwanjin ɗan kokowa har sai ya fito daidai, shi ne ya kasa ɗaukar biro ya rubuta ranar da kaya suka bar hannunsa, da adadinsu, da wanda ya karɓa. Wannan ne ciwonka, kuma da shi za ka shiga kashi na biyu in ba a yi maganinsa ba.

Bari mu yi lissafin da ya kamata a ce ka yi tun a bakin maɗaba'a. Kowane kwafi ya ci maka sefa 450. Ba ka gaya mini nawa ne ladan mai sayarwa ba, ina kuma kyautata zaton ba ku yanke ba, amma mu ɗauka sefa 300 ne a kan kowane kwafi, kai ka karɓi 700. A kan haka sai ka sayar da kwafi kusan 645 kafin ka ga uwar kuɗinka, ba a maganar kuɗin mota, ba a maganar dararen da ka kwana kana zane. Kwafi 600 da ke Yamai ya kamata su kawo jika 420. An turo maka jika 85, wato kuɗin kwafi 120 ko kusa da haka. Saura 480. Ko suna kan tebur a bakin wani kanti rana na cin bangonsu, ko an sayar an ci kuɗin, ko suna cikin kwali ƙarƙashin gadon ɗan kawunka ba a taɓa kwance igiyar ba. Waɗannan cututtuka ne uku daban, kowacce da maganinta, kai kuwa ba ka san wacce ta kama ka ba. To da wane ido za ka ce kasuwa tana son kwafi 3000?

Na san abin da kake jira in faɗa, cewa ɗan kawunka ya ci amana. Ba zan faɗa ba, don ba ni da hujja, kai ma ba ka da ita. Mai yiyuwa shi ma abin da ka yi masa ya yi wa wasu: ya ajiye ashirin nan, talatin can, babu takarda, yanzu ya manta wa ke riƙe da me, kunya ta sa ya ɓuya bayan wasa. Taubasantaka kuwa mafaka ce mai kyau ga wanda ake bi bashi, domin duk maganar da ka kawo da gaske zai iya mai da ita raha, in ka ɓata rai a ce ba ka san wasa ba. Da akwai takarda mai sa hannunsa, da ba sai an kai ga ɓacin rai ba. Takarda ba ta san taubashi ba. Kuma ita ce ke tsare zumunci, don ƴan uwa da yawa da na ga sun daina gaisawa a kan kuɗi, kowannensu ya yi imani da gaske cewa shi aka cuta, saboda kowa da lissafin da ke kansa.

Ina faɗa maka wannan da zafi ne don na sha shi. Shekarun baya, ina saurayi, na buga kalanda mai hotuna a ƙarshen shekara, na raba wa ƴan tebur da masu talla a tasha, na ba wani ƙanena ragowar ya kai ƙauyuka ranar kasuwa. Ban rubuta komai ba, ina ganin ai duk na san fuskokinsu. Da watan Maris ya kama na fita karɓar kuɗi. Wanda na tuna na ba hamsin ya rantse talatin ne, kuma har yau ban san wa ke da gaskiya tsakaninmu ba. Wani ya tashi daga wurin. Ƙanena ya dawo mini da ɗauri biyu da gara ta ci gindinsu. Kalanda kuwa in wata uku ya wuce ko mai ƙosai sai ta yi maka alfarma take karɓa. Na yi shekara biyu ina biyan bashin nan, ni da ƙanena kuma muka yi kusan shekara muna gaisuwar nesa-nesa, mahaifiyarmu tana kuka. Kuɗin na manta da zafinsu, amma wannan shekarar ban manta da ita ba.

Kai ɗan jihar albasa ne. Je ka Galmi lokacin kaka ka tsaya inda ake lodi. Za ka ga mutumin da bai yi boko ba yana riƙe da ɗan littafi, ko ya sa yaro yana rubuta masa, buhu nawa ya hau mota, na wa ne, wa zai karɓa a Abijan ko Akara. Bai ɗauki wannan cin fuska ga dillalinsa ba, dillalin ma bai ɗauka ba. Ku masu fasaha ne kuke ganin lissafi zai rage muku daraja, alhali littafinka kaya ne kamar albasa, yana lalacewa in ya daɗe a ajiye.

Ga abin da nake son ka yi. Sayi littafin rubutu irin na ƴan makaranta. Ka fara da ɗakinka, ka ƙirga abin da ya saura ɗaya bayan ɗaya, ka zauna ka tuno duk wanda ka yi wa kyauta ka rubuta sunansa, abin da ya rage daga 400 shi ne ka sayar, sai ka tambayi kanka ina kuɗin suka shiga. Ina da tabbacin sun narke cikin cinikin fotokofi da cefane. Bayan nan ka hau mota ka tafi Yamai da ƙafarka. Tafiyar ta fi kilomita 500, kuɗin mota ba kaɗan ba ne, amma kayan da ka kashe wa fiye da jika 200 ne ke can ba ka san halinsu ba. Kada ka je da faɗa. Ka ce masa, "Ɗan uwa, ƴan ƙungiya suna neman lissafi a wurina, zo mu zagaya tare." Kuma gaskiya ka faɗa. Ku bi kowane mai tebur da kowane kanti, a ƙirga a gabanka, wanda ya sayar ya biya, wanda bai sayar ba ka kwashe kayanka. Abin da ya kasa fitowa ku rubuta shi bashi a kansa, a gaban wani babba na gida, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Daga ranar kuma kada kwafi ya sake fita sama da ashirin ga mutum ɗaya, da sa hannu, kuma ba a ƙara masa sai ya kawo kuɗin na farko.

Sai maganar ƴan ƙungiyarku, wadda ka ratsa ta da sauri kamar ba komai ba. Mutum bakwai, jika biyar-biyar, jika 35 ke nan a wata. Jika 150 da ka ɗauka guminsu ne na sama da wata huɗu. Bashi suka ba ka ko hannun jari suka sa? In an ci riba, nawa ne nasu? In an faɗi, wa ya ɗauka? Wa ke bi maka a layin bugawa, kuma yaushe? Na san amsar: ba ku taɓa zama a kai ba, don kuna shan shayi a fada ɗaya. Ka sani cewa yanzu haka akwai yaro a cikinsu da ya gama zana nasa labarin, yana jiran asusu ya dawo, yana jin nauyin tambayarka kamar yadda kake jin nauyin ɗan kawunka. Ka ga yadda cutar ke yaɗuwa. Ka tara su kafin ka tafi Yamai, ka buɗe musu komai, har da abin da ba ka sani ba tukuna. Ku naɗa ma'aji wanda ba kai ba, ku rubuta ƙa'ida ko da rabin shafi ce. A ƙasar da masu wannan sana'a ba su da yawa, rushewar ƙungiya ta mutum bakwai babbar asara ce, ta fi jika 450 nesa ba kusa ba.

Kuma ƙungiya tana da amfanin da ya wuce adashe. Marubutan Kano da suka cika kasuwa da littattafan Hausa tun shekarun 1980 da kuɗin aljihunsu suka buga, babu kamfanin da ya ɗauke su. Ƴan ƙungiyar Raina Kama sukan sa jerin littattafan sauran ƴan uwansu a cikin littafin kowane ɗayansu, littafi yana yi wa littafi talla. Ku ma kuna iya haka. Kashi na biyu ka ba biyu daga cikin yaranku shafi huɗu-huɗu a baya, kowannensu zai jawo nasa dangi da abokai su saya. In za ku kafa tebur ranar Lahadi a kasuwar Tawa, ko a ƙofar jami'ar Djibo Hamani, ku kafa shi tare, da littafin lissafi ɗaya.

Batun kala da kwafi 3000 kuwa, cire shi daga ranka a bana. Mai maɗaba'a zai ce maka in ka yawaita, kuɗin kwafi ɗaya zai sauka, kuma bai yi ƙarya ba, domin kuɗin haɗa farantin bugu ɗaya ne ko ɗari za a buga ko dubu. Amma arhar kayan da ke jibge a ɗaki ba arha ba ce. Bugun kala kuma faranti huɗu yake ci inda baƙi da fari ke cin ɗaya, ga takarda mai tsada. In kwafi ya koma jika biyu, ɗan makarantar da ya yi ta tara dala-dala kafin ya haɗa jika guda ya fita daga cikin masu sayenka, shi ne kuwa kasuwarka. Abin da ya ba ni mamaki, injin gwaji yana cikin rumfarka. Shafi 32 na ƙaramin littafi takarda A4 takwas ce, gaba da baya, a ninke. Rim ɗaya mai takarda 500 zai ba ka kwafi 62. Buga bango kaɗai da kala, ciki baƙi da fari, ka fitar da sittin. Ka sa shafi uku na farko a WhatsApp da Facebook, wanda ke so ya turo kuɗinsa ta Nita ko Amana kafin ka aika masa. In sittin sun ƙare cikin sati biyu, ka ƙara. In ka ga sau uku a jere kana kasa biyan buƙata, ranar nan ka cancanci komawa maɗaba'a, kuma za ka je da lambobi a hannu.

Bikin BD na Angulem a Faransa da kake mafarki, wanda aka fara a 1974, ba da yawan kwafin da ke ɗakinka ake shigarsa ba, kuma ba shi zai biya maka bashin miliyan ba. Na gaji da ganin matasa suna kallon Faransa alhali kasuwarsu tana bayan gidansu. Labarinka na ɗan kokowa ne, kana zaune a garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake cin takobi, a 1975, amma ban ga inda ka ce ka taɓa kai littafin nan bakin filin kokowa ba. Dubban mutane ne ke cika fili, da kuɗi a aljihu, zukatansu na kan abin da ka zana. Ka tuna kuma da marigayi Mustafa Alasan, wanda ya yi fim ɗin zane mai motsi tun shekarun 1960, duniya ta san shi, a 2024 aka sa sunansa ga cibiyar al'adu da ke Yamai. A nan Tawa ya yi zamansa shekaru masu yawa, yana riƙe da otal yana kuma aikinsa na zane. Don haka kada ka raina rumfar fotokofinka, kada kuma ka jinginar da ita don bashi; ita ce ke ciyar da zanen. Sai dai ka raba aljihunsu, kuɗin littafi daban, na rumfa daban.

In ka je Yamai ka biya ta ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, ka yi rajistar aikinka, tunda kai ma ka san abin da injin fotokofi ke iya yi wa littafin wani.

Bayan ka dawo, ka sake rubuto mini da lambobi huɗu: nawa aka sayar a Yamai, nawa ka kwaso, nawa ka sayar a Tawa, nawa ka mayar wa asusun ƙungiya. A kansu za mu yanke adadin da za a buga na kashi na biyu. Ka gaida mini yaran ƙungiya.