Filin Tambaya da Amsa: Farfelar Iska a Kan Rufin Gida, Za Ta Ba Ni Wuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da sola a gidana, faranti huɗu da batir biyu, amma kafin asuba batir ya ƙare, firij ya tsaya. Na ga ana tallar ƙaramin injin iska mai farfela uku, an rubuta wat 400, an ce yana aiki dare da rana. Unguwarmu akwai iska sosai, har ƙofa take bugawa. Ina so in kafa shi a kan rufin ɗaki in haɗa da batir ɗina. Me ka gani? Daga wani mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Tunaninka na neman abin da zai ciyar da batir da dare daidai ne, kuma injin iska yana iya yin wannan aiki. Amma idan a kan rufi za ka ɗora shi, a tsakiyar gidaje da bishiyoyi, shawarata ka riƙe kuɗinka tukuna. Bari in yi maka bayani, don ba na so ka ɗauki maganata ba tare da ka ga dalilinta ba.

Mu fara da wat 400 ɗin nan da ke jikin kwali. Ba ƙarya ba ce, sai dai ba a faɗa maka sharaɗinta da babbar murya. Yawancin ƙananan injinan nan ana auna ƙarfinsu ne a iska mai gudun mita 11 ko 12 a daƙiƙa ɗaya, wato kimanin kilomita 40 a awa. Wannan iska ce da ke girgiza manyan rassan bishiya, ba iskar yau da kullum ba. To ga inda gizo ke saƙa: ƙarfin da ke cikin iska ba ya bin gudunta kafaɗa da kafaɗa. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfi yana ninkawa sau takwas. Haka nan idan gudu ya ragu da rabi, ƙarfi yana komawa kashi ɗaya cikin takwas. Injin da ke ba da wat 400 a mita 12, a mita 6 zai ba ka kimanin wat 50. A mita 4 kuwa, wanda jikinka zai ji a matsayin iska mai daɗi, wat 15 ne ko kusa da haka. Ƙasa da mita 3 yawancinsu ba sa cajin komai, ko da kana ganin farfela na juyawa. Juyawa daban, caji daban, kuma wannan ne ke ruɗin mutane da yawa.

Sannan girman farfela shi ne gaskiyar inji, ba lambar da aka buga ba. Injin yana tsintar ƙarfi ne daga da'irar da fukafukansa ke sharewa. Farfela mai faɗin mita 1.2 tana share ɗan sama da murabba'in mita ɗaya, kuma dukkan ƙarfin da ke ratsa wannan da'ira a iska mai mita 5 bai kai wat 90 ba. Ko wannan ma ba za ka kwashe duka ba. Tun 1919 masanin Jamus Albert Betz ya nuna cewa babu injin da zai iya ɗibar fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iska, domin dole iskar ta wuce ta ba ta baya hanya. Ƙananan injinan gida sukan tsaya wajen kashi 25 zuwa 35. Saboda haka in ka ga ƙaramar farfela kamar ta fankar tsaye an rubuta mata wat 3,000, ka san lissafi bai yarda da ita ba.

Yanzu batun rufi, wanda shi ne ya fi damuna a tambayarka. Iskar da ke buga maka ƙofa iska ce mai hargitsi. Ta daki katanga, ta kewaya bene, ta fashe a jikin bishiya, sai ta iso tana birgima daga kowane ɓangare. Injin iska kuwa yana son iska miƙaƙƙiya mai zuwa daga fuska ɗaya. A cikin hargitsi za ka ga wutsiyarsa na kai-komo, yana neman iska hagu da dama, kafin ya ɗauki gudu ta sauya hanya. An gwada wannan a Birtaniya tsakanin 2007 da 2008, a binciken da aka yi wa laƙabi da gwajin iska na Warwick, inda aka bibiyi injina 26 da aka kafa a jikin gine-gine. Sakamakon ya yi muni ƙwarai: a matsakaici ba su kai ko kashi 5 cikin ɗari na abin da lambarsu ta yi alkawari ba, kuma a wuraren da suka fi muni, na'urorin da ke kula da injin sun ci wuta fiye da wadda farfelar ta samar. Birtaniya kuwa ƙasa ce mai iska. Waɗanda suka taɓuka abin kirki su ne na saman dogayen benaye da ba abin da ya tare su, su ma an kashe wasu saboda ƙorafin ƙara.

Ƙarar nan ba wasa ba ce. Na taɓa shiga ɗakin da aka ɗaure inji a jikin katakon rufinsa. Daga waje ba ka jin komai sai ɗan shuuu, amma a ciki duk silin yana gurnani, in ka ɗora tafin hannu a bango sai ka ji yana rawa a ƙarƙashin fatarka. Mai gidan ya ƙare da ɗaure farfelar da igiya da dare, wato daidai lokacin da ya saye ta dominsa.

Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce ƙasan farfela ya ɗara duk wani gini ko bishiya da ke cikin tazarar mita 100 zuwa 150 da aƙalla mita 9. Wannan na nufin doguwar hasumiya ta ƙarfe mai zaman kanta, mai tushen siminti da wayoyin ɗauri, da fili isasshe inda za a kwantar da ita idan gyara ya taso. Sau da yawa hasumiyar ta fi injin tsada. Ka kuma binciki dokar gini ta wurin da kake, ka yi magana da maƙwabta kafin ka haƙa rami.

Kafin duk wannan, ka auna iskar. Akwai taswirar Global Wind Atlas a intanet, kyauta, wadda Jami'ar Fasaha ta Denmark ta shirya tare da Bankin Duniya. Ka duba wurinka a tsayin mita 10, kada ka dubi na mita 100, wancan na manyan injinan kamfanoni ne. Idan matsakaicin gudun shekara bai kai mita 5 ba, ni dai ba zan kashe kuɗi ba. Idan ya kai, ka ɗaga ƙaramar na'urar auna iska a kan sanda a tsayin da kake nufi, ka bar ta tana rubutawa na watanni, shekara guda ma ta fi, domin iska tana da lokutanta. Ka lura musamman da abin da take yi tsakanin tsakar dare da asuba. A wurare da yawa kusa da ƙasa iska kan kwanta da dare, ta tashi da rana idan ƙasa ta yi zafi, ka ga ke nan za ta zo lokacin da solarka ba ta bukatar taimako.

Idan awo ya yi kyau, ga abin da ba a cika faɗa ba. Kada ka haɗa injin iska da kwantirolar sola. Ita ta sola idan batir ya cika sai ta yanke faranti, ba abin da zai same shi. Injin iska kuwa in aka cire masa kaya yana cikin gudu, sai ya zabura kamar dokin da linzami ya tsinke, har fukafuki su iya ɓallewa. Yana bukatar kwantirolarsa, wadda ke mayar da wutarsa ta waya uku zuwa irin wadda batir ke ci, kuma ta karkatar da rarar zuwa wani ƙarfen ɗumama da zai cinye ta. Ƙarfen nan yana zafi sosai, a kafa shi nesa da katako da labule. A sa makunnin birki da ke haɗe wayoyin uku wuri ɗaya don tsayar da farfela kafin guguwa. A binne ƙarfen kariya daga tsawa, tunda ka kafa abu mafi tsawo a unguwa. Kuma duk shekara a sauke shi a duba boris da kusoshi da bakin fukafuki, domin ƙura da ruwan sama suna cinye su a hankali.

Ba na ƙin injin iska, kada ka fahimce ni haka. Tun 1887 James Blyth ya haskaka gidansa a Sikotilan da shi, kuma kafin layin lantarki ya isa ƙauyukan Amurka, dubban gonaki da shi suke cajin batir. Har yau a bakin teku, a kan tudu, a filin da ba abin da ya tare iska, yana aiki mai kyau tare da sola, musamman a kwanakin hadari.

Amma matsalarka ta asuba ina zargin ba ta rashin wuta ba ce kaɗai. Ka sa a gwada batir ɗin nan biyu, wataƙila sun gaji. Ka auna abin da firij ke ci a dare ɗaya, ka duba robar ƙofarsa ko ta saki. Faranti ɗaya mai wat 400 a rana mai kyau yana ba da kusan kilowat-awa ɗaya da rabi zuwa biyu (kilowat-awa ɗaya shi ne wat dubu na tsawon awa guda), abin da wancan ƙaramin inji a kan rufinka da wuya ya kama ko rabinsa. Ƙarin faranti da batir mai lafiya su zan fara sa wa kuɗi. In ka auna iskar, ka aiko mini da lambobin da tsayin da ka auna, mu yi lissafin tare.