Yadda Ake Tsara Ƙauyukan Basarake a Labarin Turai ta Zamanin Da

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labari a wata ƙasa mai kama da Ingila ta wajen shekarar 1300. Jarumina basarake ne mai fada da barade. Ƙauyuka nawa zan ba shi, kuma yaya zan tsara gonakin don labarin ya shiga hankali? Daga wata marubuciya a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki fara daga fada, ki fara daga rumbu. Yawan baraden da basarake zai iya riƙewa ya dogara ne da abin da ya rage bayan manoma sun ci sun ajiye iri, kuma ragowar nan ba ta da yawa. Shi ya sa da Sarki Wiliyam ya sa aka yi ƙidayar ƙasar Ingila a 1086, wadda aka tattara a kundin Domesday, abin da aka bi ana tambaya a wurare sama da 13,000 shi ne garma nawa, manoma nawa, fadama eka nawa, maniƙa nawa.

Ki ɗauki ƙauye ɗaya mai gida 40, mutum kamar 200. Ƙasarsa kashi biyu ce, kusan yadda muka san gandu da gayauna: akwai gandun basarake, wanda amfaninsa duka nasa ne, akwai kuma gonakin da ke hannun manoma. Yawancin manoman nan ɗaure suke da ƙasar. Ba a kai su kasuwa a sayar, amma ba sa ƙaura sai da izini, suna biyan kuɗi idan za su aurar da 'ya, kuma in magidanci ya mutu basarake ya ɗauki dabbarsa mafi kyau. Mai cikakken rabo yana da eka kusan 30, kuma gandu na bin sa aikin kwana biyu ko uku a mako, da ƙari a lokacin girbi. Wasu rabin haka suke da shi. Wasu kuwa daga bukka sai 'yar eka biyar ko ƙasa da haka, ƙodago ne abincinsu.

Eka 30 ɗin nan ba a wuri ɗaya take ba. An raba filin ƙauyen zuwa manyan fage uku marasa shinge, kowane fage an yanka shi siriri-siriri, tsawon yanka mita 200 a faɗin mita 20, wato eka guda, gwargwadon abin da shanu za su huɗe a yini. Yankunan kowane manomi a warwatse suke tsakanin na maƙwabta, don kowa ya sami mai kyau da mara kyau. Fage na farko a shuka masa alkama a Oktoba, na biyu sha'ir da wake da hatsin ots a Maris, na uku a bar shi saura dabbobi su yi kiwo su zuba taki. Baɗi a juya. Garmar tana da nauyi, ƙasar kuma laka ce, sau da yawa sai shanu takwas ke janta, don haka gidaje ke haɗa shanu. Rigimar wanda ya ci iyakar wani da kunya ɗaya ta ishe ki babi guda.

Ga lissafin da ya fi komai muhimmanci. Ekar alkama tana cin iri kilo 55 ko kusa da haka, ta ba da wajen kilo 220 a shekarar da ba ta ɓaci ba, ninki huɗu ke nan kacal. Eka goma, wato rabon mai eka 30 a fagen alkama, ta ba da buhu 22 mai kilo ɗari. Ki cire biyar da rabi na iri, ki cire biyu da ɗoriya na ushirin coci, saura kusan 14, mai niƙa kuma yana jiran nasa. Babban mutum yana cin sama da buhu biyu a shekara, gida mai mutum biyar ya tashi da goma ko sha ɗaya. Daga fagen Maris ake samun abin sha da fate da abincin dawaki da ɗan abin sayarwa a biya haraji. Da wannan za ki ga dalilin da ya sa barde ɗaya, da dawakinsa da sulkensa da yaransa, yakan buƙaci ƙauye sukutum, shi kuma ya biya da hidimar yaƙi ta kwana 40 a shekara. In kina son jaruminki ya fita da barade 20, ki ba shi ƙauyuka 25 zuwa 30, ki bar biyar ko shida a hannunsa, sauran ki raba wa baraden. Ki warwatsa su, domin manyan Ingila ba kasafai ƙasarsu ke haɗe wuri ɗaya ba.

Basarake ba ya tsayawa a bakin gona. Babban wakilinsa ne ke zagaya ƙauyuka yana zaman kotu, a wurare da dama duk mako uku. A kowane gandu akwai shugaban aiki da ake zaɓa daga cikin manoman, yana riƙe lissafi da tsaga a jikin sanda, ya miƙa shi ranar 29 ga Satumba. In an sami giɓi, daga aljihunsa za a cike. Mutum ne da ke tsakanin wuta biyu, ina ganin ya fi basaraken kansa daɗin rubutawa.

Abin da marubuta suka fi mantawa shi ne ingirici. Ciyawa ba ta tsiro da hunturu, don haka fadamar da ake yanka a Yuni ta fi gonar hatsi daraja. In ingirici ya gaza, a watan Nuwamba sai a yanka dabbobi a gishirta naman, shanun huɗa kaɗai ake lallaɓawa. Yunwa kuma a Yuli take tsananta, gab da girbin Agusta. Kada ki sa dankalin Turawa ko masara ko tumatir a tukunyarsu, daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492.

In masifa kike nema, tarihi ya tanada. Ruwa ya yi yawa daga 1315 zuwa 1317, hatsi ya ruɓe a gona, mutane suka ci irinsu, shekara ta gaba ba abin shukawa. A 1319 da 1320 cuta ta kashe fiye da rabin shanun Ingila, huɗa ta tsaya. Annobar 1348 zuwa 1349 ta ɗauke tsakanin sulusi da rabin jama'a, ƙodago ya yi tsada, har aka yi dokar 1351 don danne lada.

Kada ki raina maniƙa. Dole ne manomi ya kai hatsinsa maniƙar basarake a cire kaso, shi ya sa ake ɓoye dutsen niƙa a ɗaka. A garin St Albans shugaban gidan ibada ya ƙwace duwatsun niƙan mutane ya daɓe ɗaki da su. A boren manoma na 1381 jama'a suka kutsa suka tone daɓen, suka farfasa duwatsun suka rarraba wa juna, a wurare da yawa kuma takardun kotun gandu aka fara cinna wa wuta, domin a cikinsu aka rubuta kwanakin aikin da ake bin kowane gida.