Tambayi Likita: karayar idon sawu ga tsofaffi, ɗori ko tiyata?

Wata 'yar'uwa daga Agege ta ce: Likita, mahaifiyata ce, shekararta 72, ta zame wajen alwala idon sawunta ya karye, an yi hoto an ce sai an sa ƙarfe, mu kuma tsufanta muke ji, yayanmu ya dage sai dai a kai ta gun mai ɗori.

Allah ya ba Mama lafiya. Hajiya shekaru kaɗai ba sa hana aiki fa, abin da muke dubawa zuciya, hawan jini, suga da lafiyar fata. Idon sawu ƙasusuwa 3 ne suka haɗu suka yi gaɓa, in karayar ba ta goce ba siminti na kamar sati 6 ya wadatar, amma in ta goce dole a mayar da ita daidai a riƙe da farantin ƙarfe da sukurori, in ba haka ba ƙafa ta haɗe a karkace, ciwon gaɓa ya biyo baya. Mai ɗori da lalube yake aiki, bai ga ciki ba, ga ɗaurin karare tamau a kan kumburi, fatar tsohuwa kuwa kamar ɓawon albasa take. Na sha karɓar irinsu bayan wata 2, ƙafa ta yi gyambo tana wari, aikin da da sauƙi ya koma babba. Ku kai ta asibitin ƙashi na Igbobi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba. Yawanci allurar baya ake yi, idonta biyu. Kuma in aka ce a jira sati 1 ko 2 kumburi ya saɓe kar ku ce wulaƙanci ne, ɗinki a kan kumburi ɓarkewa yake.

Wani daga Mile 12: babana mai suga ne, an yi masa aikin sati 7 da suka wuce, ya ce ba ya jin zafi zai koma kasuwa.

Malam wannan rashin jin zafin shi ne abin tsoron! Suga na kashe jijiyoyin ƙafa, sai mutum ya yi ta taka karaya bai sani ba har sukurori su kwance, dama ƙashin tsufa ya yi laushi. Masu suga kan kai wata 3 kafin mu bari su taka sosai. Ku riƙa duba ɗinkin kullum, ruwa ko ja ko wari ku dawo ranar. In dambubun ƙafa ya kumbura yana ciwo ko numfashi ya yi wuya, gudan jini ne mai yiwuwa, wannan ba a kwana da shi. Taba kuma a ajiye ta.

Daga Obalende: sai an cire ƙarfen? Ya sallah?

Ba dole ba ne, in bai dame shi ba a bar shi nan, tsoho bai buƙatar yanka na biyu. Sallah ya yi a zaune kan kujera, simintin kuma kar ruwan alwala ya shiga ciki.