Kama ƙudan waje don ciyar da ƙoƙi-ƙoƙi, ga yadda nake yi

Ɗan'uwa na ga tambayarka, kace ka tsinci ƙoƙi-ƙoƙi ka sa a kwalba, shin ya halatta ka riƙa kamo mata ƙudan waje ko zai cutar da ita. Toh ni dai shekara uku kenan ina wannan wahalar har mutanen gida sun gaji da yi min dariya, kuma ƙudan waje nake basu. Ba ƙudan bane matsalar, inda ka kamo shi ne.

Ta farko da na rasa wallahi ni na kasheta da hannuna. An yi feshin fiya-fiya a ɗaki da daddare, da safe na ga ƙudaje suna ta layi a bakin taga ko tashi basa iya yi, nace kai yau na samu a ɓagas, na kwashe guda huɗu na zuba mata. Kafin la'asar ta faɗo daga jikin itacen tana karkarwa, shikenan. Abinda ya kashe ƙuda zai kasheta, ai ita ma ƙwaro ce. Tun daga ranar duk ƙudan da ya kamu da sauƙi haka tsoronsa nake, kuma bana kamowa kusa da gonar da aka yi feshi, ko bakin masai, ko kan mushe.

Tarkon kuwa ba wani abu bane, gorar ruwa ce ta roba ka yanke kanta ka kifa shi ciki kamar mazurari, ka jefa ɓawon mangwaro ko kan kifi a ƙasa, ka ajiye a inuwa nesa da inda ake girki don kar ku yi faɗa da uwargida. Suna shiga basa gane hanyar fita. Kar ka zuba ruwa, da ransu kake so, don ƙoƙi-ƙoƙi bata kula matacce, sai abinda ke motsi. Wajen juye su ne kowa ke shan kunya, kana buɗewa sun watse, to ka rufe bakin ka sa gorar a firij kamar minti 5, sanyi na kama su sai su yi laƙwas ka zazzage su, suna jin ɗumi su farfaɗo. In ba wuta, asuba zaka yi kafin rana ta fito. Ni har kwana ɗaya nake barinsu a wata gora da auduga mai ruwan suga kafin na bayar, cikinsu ya wanke.

In ƙarama ce sosai ƙudan gida ya mata girma, ka bar ayaba ta nuna ta lalace, waɗannan mitsi-mitsin masu jan ido da ke taruwa a kai su ne abincinta. Babba kuma ƙuda biyu ko uku bayan kwana biyu ya isa, cikinta zaka riƙa kallo, in ya yi tumbi ka ƙyale. Lokacin hunturu ƙuda na ɓacewa, sai na koma kan faɗa-wuta a gindin ƙwan lantarki da 'yan ƙananan fara. Cinnaka da rina dai kar ka gwada.

Ranar da ka ga ta ƙi cin abinci ta rataye kai a ƙasa kar ka tsorata, saɓa zata yi, ka fitar da duk ƙudan da ke ciki don in ya bangajeta ta faɗo tana cikin tuɓe fata ta nakasa kenan. Tsayin kwalbar ya kai tsawon ƙoƙi-ƙoƙin sau uku, ka rufe da yankin gidan sauro ba murfi ba. Kuma kar ka haɗa biyu wuri ɗaya, da safe ɗaya zaka tarar.