Jakunkuna Goma Daga Hannun Ƙanin Miji

Tambaya: Ƙanin mijina da ke ƙasar waje zai aiko mini da jakunkunan Louis Vuitton guda goma a kan dala 200 kowace ɗaya, ya ce rarar kamfani ce, da rasit da kati da kwali. Yaya zan gane na asali ne?

Amsa: Hajiya, kuskurenki shi ne kin ɗauki zumunci a matsayin shaidar ingancin kaya. Ban ce ƙanin mijinki macuci ba ne. Mai yiwuwa shi ma yaudararsa aka yi, amma amanarsa ba za ta mayar da jabu ta koma ta asali ba.

Kamfanin Louis Vuitton ba ya bayar da sari, ba ya karya farashi, kuma a shagunansa da shafinsa na intanet kaɗai yake sayar da sabbin kayansa. Jakar da farashinta ya haura dala 1,000 ba za ta iso hannunki a dala 200 ba. Katin da aka yi miki alkawari ma shi ne ya tona asiri, domin kamfanin ba ya bayar da katin shaidar inganci, rasit da kwali kuwa su ne mafi sauƙin bugawa ga masu jabu. Kada ki dogara da lambar kwanan watan ƙira da ake bugawa a cikin jaka ma, domin tun 2021 kamfanin ya daina sanya ta a sabbin jakunkunansa, ya koma ɓoye ƙaramar na'ura a cikinsu.

Na san wata 'yar kasuwa da ta zuba jarinta duka a irin wannan ciniki saboda kunyar tambayar ɗan'uwanta inda ya sayo kayan. Fatar hannun jakar asali, wadda ba a rina ba, takan yi duhu a hankali kamar zuma. Nata kuwa suka fara ɓarewa cikin 'yan watanni. Ta mayar wa masu saye kuɗinsu, zumuncin ma ya lalace.

Idan kin nace, kada ki tura kuɗin goma. Ki nemi sunan shagon da ya sayo su a rubuce, ki karɓi ɗaya tak, ki biya kamfanin tantancewa irin Entrupy ya duba ta, da sharaɗin cewa idan ta faɗi gwajin, ƙanin mijinki ne zai ɗauki asarar.