Tambaya da Amsa: Rini ya cinye min rigar ulu

TAMBAYA: Malam, ina rinin shadda a gida. Da sanyin nan maƙwabciyata ta kawo min suwaitar ulu da ta saya a gwanjo, na tsoma ta a ruwan rinina mai kostik soda. Ta fito dabbare-dabbare, tana yauƙi, hannu ɗaya ma ya zagwanye. Kalar ce ba ta da kyau?
Mai rini, Tudun Wada, Zariya

AMSA: Hajiya, kala ba ta da laifi, aikin soda ne. Shadda auduga ce, tana jure soda. Ulu kuwa gashin tunkiya ne, furotin ne mai suna keratin, wanda shi ne a gashin kanki da farcenki. Ɗaurin sinadarin farar wuta (sulfur) da ke cikin furotin ɗin ne ke riƙe da shi, soda da zafi kuma kwance wannan ɗaurin suke yi. Zagwanyewar ma shaida ce maƙwabciyarki ta dace da ulu na gaske, domin tumakinmu, Yankasa da Uda da Balami, ba sa ba da irinsa, daga waje yake zuwa.

Dabbare-dabbaren ya fi ba ni sha'awa. Kowane sili yana da ɓawo kamar na kifi. Inda sawa da wanki suka goge ɓawon, irin su gwiwar hannu da wuya, nan rini ya fi shiga. Masu bincike da gangan suke rina ulu don su ga haka. Akwai gwajin Pauly, na wani Bajamushe tun 1904: lafiyayyen sili ba ya kama ruwan gwajin, mai rauni kuwa sai ya yi ja, don ruwan ya kai ga furotin na ciki. A 1953 wasu masana biyu a Japan, Horio da Kondo, suka rina lallausan ulu, suka ga a ƙarƙashin madubin ƙara girma cewa gefe ɗaya na silin ya fi ɗaya gefen shan rini. Ashe ɓangarori biyu ne manne da juna, shi ya sa ulu ke murɗewa.

Gaba, ki zare sili ɗaya ki ƙona tukuna. Idan ya yi ƙaurin gashi, ya bar tokar da ke murtsukewa, ulu ne. Ki nemi rinin ulu da siliki, ki zuba ɗan binega maimakon soda, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, kada ki cuɗa. Bilic ma kada ya kusance shi.